Ya Manta Ni a Saman Bas Saboda Katin Yawon Buɗe Ido

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Makonni ke nan da dawowarmu daga wata tafiya, amma abin da ya faru a can ya ƙi barin raina. Ban gaya wa kowa ba, ko 'ya'yana, ko ƙanwata da ba na ɓoye mata komai. Duk sanda na buɗe baki sai in ga dariya za a yi mini, don wanda ya ji labarin daga sama zai ce abin dariya ne. Ni kam ban yi dariya ba.

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a wani ɗan shago da ke jikin gidanmu. Maigidana malamin makaranta ne, bara ya yi ritaya. Shi ke tsara jadawalin darussa na makarantarsu tun ina goyon 'yarmu ta fari, har ɗalibai suka laƙaba masa Ƙararrawa, kuma ya san da sunan, ina ga ma daɗinsa yake ji. Kada ki ɗauka zaginsa na zo yi. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, uwata ma har ta koma ga Allah ɗana take ce masa. Shi ya sa abin ya girgiza ni haka. Da wani ne can mai halin tsiya, da na ce ai dama.

'Ya'yanmu uku duk sun tashi. Autar ce ta rage mana, ita ma ta samu aiki a wani gari ta tattara ta tafi. Tun daga ranar gidan ya yi tsit. Da yamma sai mu zauna a falo, shi da rediyonsa, ni da reza ina warware ɗinki, in ban da "an rufe ƙofa?" da "ka sha maganinka?" babu abin da ke shiga tsakaninmu. Ba faɗa muka yi ba. Ashe duk hirar da muke yi shekara da shekaru ta yara ce, wane ya faɗi jarrabawa, wance takalminta ya tsinke, da suka tafi sai suka tafi da hirar.

Yaran sun lura. Suka haɗa kai suka biya mana 'yar tafiyar hutu zuwa wani babban birni mai kogi a tsakiyarsa. Babbar, wadda take aikin jinya, ta ja ni kicin ta ce mu je mu huta, mu yi hira kamar saurayi da budurwa. Na kai mata duka da ludayi na ce ba ta da kunya, amma a raina na ji daɗi. Har riguna biyu sabbi na ɗinka wa kaina, ni da rabona da ɗinka wa kaina kaya tun bikin ita babbar. Abin da na hango kawai shi ne mu zauna a bakin kogin nan, mu sayi abin sha mai sanyi, ko Allah zai sa bakinmu ya buɗe.

Sai ɗanmu na tsakiya, wanda kullum kansa ke cikin waya, ya kawo zancen kati. Wai akwai wani katin yawon buɗe ido da ake saya sau ɗaya, shi ke nan sai ka yi ta shiga wuraren kallo na birnin ba tare da ka sake biya ba, gidajen tarihi, hasumiya, gidan kifaye, jirgin ruwa, har da wani bas mai bene da ke zaga gari, ka sauka inda ka ga dama ka sake hawa. Na kwana biyu ya saya mana. Allah ya yi masa albarka, da zuciya ɗaya ya yi. Amma ranar da takardar katin ta shigo gidanmu na ga idon maigidana ya kawo wani haske da rabona da ganinsa tun ranar da ya bar aiki. Ya ɗauko rula da jan biro, ya share teburin cin abinci, ya baje taswira. Washegari na tarar da jadawali manne a jikin firji, gida-gida kamar na makaranta, har da wani siririn gida da ya rubuta wa "hutun rabin lokaci". Dariya na yi, Anti. Na ɗauka wasa ne.

Tun saukarmu daga jirgin ƙasa na fara ganin abin mamaki. Mun isa da la'asar, ga jakunkuna, ga bas ɗin katin yana tsaye a ƙofar tasha. Na nufi wajensa sai ya riƙo hannuna. Wai katin yana fara ƙirga lokacinsa ne daga sa'ar da aka fara ɗora shi a kan na'ura, in muka hau yanzu mun tashe shi a banza, mun ƙone rabin yini. Na ce to mu hau tasi. Ya ce otal ɗin nan kusa ne. Tabɗijam! Kusan nan tasa sai da muka haye gada, muka hau wani tudu, tayar jakata ta cire, na shiga otal ina jan ta kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.

Da sassafe, ko shayi ban gama kurɓa ba, ya tsaya a kaina da agogo. Anti, ban san mutumin da na kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Wannan da a gida sai ya yi rabin awa yana neman tabarau, ga shi yana tsallake titi kamar ɗan shekara ashirin, takardar katin a naɗe a hannu ya ɗaga ta sama, ni ina biye ina haki. Mu shiga nan, ya ɗora kati, na'ura ta yi ƙara, ya yi murmushi, mu ratsa ta ƙofar baya mu fita. Wallahi ƙarar na'urar nan ta fi abin da ke cikin ginin faranta masa rai. A babban gidan tarihi na ga wata tsohuwar riga a cikin gilashi, aikin hannu ce tun daga wuya har ƙasa, ɗinkin ƙanana ne har sai na manna fuskata kafin in ga inda allura ta bi. Ni da na ƙare rayuwata a kan zare ban taɓa ganin irinsa ba. Ina so in gane yadda aka juya bakin hannun, sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashin agogo a bayan kunnena. Na ce ya ba ni ɗan lokaci. Ya ce lokacin wannan wuri ya ƙare, in ɗauki hoto in kalla a gida.

Mun shiga wuraren da ko kyauta aka ce in je ba zan je ba. Akwai wani gidan tarihin makullai da kwaɗuna. Akwai na tsofaffin kwalabe. Kwalabe, Anti! Na tambaye shi me muka zo yi nan, ya ce ai yana cikin kati. Duk abin da na tambaya amsar ke nan, yana cikin kati. Na ga wani ɗan lambu mai inuwa da kujeru na ce mu zauna, ya ce wannan ba ya cikin kati, kyauta ne, ko yaushe ma iya zuwa. Ba mu je ba har muka baro garin. Abincin rana a tsaye muka ci shi a layin hasumiya, burodi da ayaba, don ashe katin yana raba ka da layin sayen tikiti ne kawai, layin lifta kuwa kowa da kowa ne. Da muka kai sama hazo ya rufe garin, ba mu ga komai ba sai junanmu, shi kuma yana duba takarda.

Dama ƙafafuna kan kumbura saboda zaman keken ɗinki. A daren farko sai da na jiƙa tawul na naɗe su. Ya tausaya mini, ba zan yi masa ƙarya ba, har ya nemo mini man shafawa. Amma yana shafa mini yana lissafa wuraren da suka rage na gobe.

To ga abin da ya sa na rubuto miki. A rana ta biyu da hantsi muna saman bas ɗin nan mai bene, samansa a buɗe, za mu gidan kifaye, inda ya riga ya kama mana lokacin shiga ta waya. Takalmin ƙafata ta dama ya matse ni, na zare shi na ajiye. Bas ya taka birki, takalmin ya sulale ƙarƙashin kujerar gaba. Shi kuwa ya miƙe ya ce mu je, ya bi matakala ya sauka. Na durƙusa ina lalube, kafin in kamo takalmin na ji an rufe ƙofa, bas ya tashi. Na leƙa ta sama, sai ga maigidana a ƙasa yana tafiya da sauri, takarda a sama, bakinsa yana motsi. Bayani yake yi mini, Anti. Yana nuna wani gini da hannu yana magana ta gefen kafaɗa, babu kowa a bayansa sai wata mata mai tura keken jariri. Na ƙwala masa kira, Malam! Malam! Iska ta kwashe. Ko waiwayowa bai yi ba har muka sha kwana.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai a lokacin na tuna wayata tana cikin jakarsa, don rigar da na ɗinka ba ta da aljihu, ni da kullum nake yi wa matan mutane faɗa su bari in sa musu aljihu. Katina yana hannunsa. Kuɗi suna hannunsa. Sunan otal ɗin ma ban riƙe ba, shi ya yi magana da su, ni dai na san akwai tulun fure a bakin ƙofa. Na sauko ƙasa da takalmi ɗaya a hannu ina kuka wiwi, uwar manyan 'ya'ya guda. Matar da ke duba kati a ƙofar bas ɗin, Allah ya saka mata, ta zaunar da ni ta ba ni ruwa, ta ce kada in sauka ko'ina, bas ɗin da'ira yake yi, zai dawo daidai inda mijina ya sauka, sai dai zagayen da tsawo.

Na koma sama na zauna a kujerar gaba. Da farko ina kuka ina ta saƙa yadda hankalinsa zai tashi, ga shi da hawan jini. Can sai kukan ya tsaya. Na sake zare takalman duka biyu na miƙe ƙafafu. Iska tana kaɗa ni. Na fara ganin garin, wanda tun zuwanmu ban gan shi ba sai ƙeyar maigidana. Na ga shanya a barandar mutane, na ga irin labulen da suke so, na ga wani shagon ɗinki da wata mata a kan keke irin nawa sak, ta ɗago muka haɗa ido ta ɗaga mini hannu. Muka bi bakin kogi a hankali saboda cunkoso, ga wasu tsofaffi biyu a kan benci suna ɓare lemo ɗaya suna rabawa. Babu mai ƙwanƙwasa mini agogo. Kunya nake ji in faɗa, amma a duk tafiyar nan babu lokacin da ya kai wannan daɗi.

Da muka zagayo tashar gidan kifaye na miƙe ina dube-dube. Ba ya nan. Na ce shi ke nan ya faɗi a wani wuri, ko yana ofishin 'yan sanda. Mai duba kati ta ce in yi haƙuri in sake zagaye ɗaya, in ba a gan shi ba za ta kira ofishinsu. A zagaye na biyu rabi ina addu'a, rabi kuma, Allah ya yafe mini, ina kallon gari.

Sai a dawowa ta biyu na hango shi tsaye a tasha, gumi sharkaf, yana leƙa kowace taga. A nan ne na yi abin da ya fi komai tsorata ni. Maimakon in ɗaga hannu, sai na ji na sunkuyar da kaina bayan kujera. Na ɗan lokaci ne, bai fi a ja numfashi biyu ba, amma a cikinsa zuciyata ta ce mini ki yi zamanki, ki ƙara zagaye ɗaya. Mijina na shekara talatin da ɗoriya, uban 'ya'yana, yana nema na a rana ni kuma ina ɓuya. Na dai miƙe na sauka.

Ya riƙe hannuna yana ta hamdala. Ina shirin in fashe da kuka a kafaɗarsa sai idona ya sauka a ƙirjinsa. Sitika ce shuɗiya mai hoton kifi, irin wadda ake manna wa wanda ya shiga. Na tambaye shi mece ce wannan. Anti, ko ɓoyewa bai yi ba. Wai bai san ba na bayansa ba sai da ya kai ƙofa ya miƙa kati biyu, mai tsaron ƙofa ya tambaye shi ina mutum na biyun. Ya juya bai gan ni ba, hankalinsa ya tashi, sai ya tsaya ya yi lissafi. Bas da'ira yake yi, ni mai hankali ce ba zan sauka ba, kafin in zagayo akwai sarari, lokacin da aka kama mana kuma in ya wuce ya wuce. Sai ya shiga. Ya shiga ya kalli kifi! Lissafin ne ya ɗan kuskure, shi ya sa zagayen farko ya wuce shi. Har ya ciro waya zai nuna mini hotunan da ya ɗauko mini don kada in yi asara.

Ban ce uffan ba. Na bi shi muka ƙarasa sauran wuraren, har da jirgin ruwa, ban san me na gani ba.

A jirgin dawowa da ya ga shirun ya yi yawa ya yi mini wani bayani, wai don in huce. Duk shekarun da ya yi yana fita da ɗalibai yawon ilimi, shi ne malamin gaba. Malamin gaba ba ya waiwaye, aikinsa ya san hanya ya kiyaye lokaci, akwai malamin baya da ke tattaro waɗanda suka tsaya ɗaurin takalmi. Ya ce a gida ma ai haka muke, shi a gaba, yara a tsakiya, ni a baya ina kora su, bai taɓa tunanin ana iya barin na baya ba. Ya faɗa yana murmushi, a ganinsa yabo ne. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, don gaskiya ya faɗa, kuma yanzu babu yara a tsakiya.

Tun da muka dawo yake ba maƙwabta labari, mun ga kaza mun ga kaza, katin ya biya kuɗinsa har da riba. Zancen bas kuwa ya mai da shi abin raha, wai Hajiya ta samu zagaye biyu kyauta. Yara sun ji daɗi har sun fara maganar za su sake tura mu wani birnin, shi kuma ya riga ya gano can ma suna da kati, na kwanaki da yawa ma, ya sake share teburin cin abinci.

Anti, ki gaya mini gaskiya. Katin nan yana da wani amfani ga mai ɗan gajeren hutu, ko mu ne ba mu iya ba? Katin ne ya mai da mini miji haka, ko dama haka yake ban sani ba? Kuma ni da na sunkuyar da kai, me ya same ni? Ina tsoron in sake bin sa, ina kuma tsoron in ce ba zan je ba mu koma zaman falo har mutuwa ta raba.

Taki cikin damuwa,
Tela Marar Aljihu

*

'Yar'uwa Tela,

Da na kai wajen sitikar nan sai da na ajiye wasiƙarki na cire tabarau na yi salati. Na daɗe ina karanta damuwar ma'aurata a wannan fili, amma ban taɓa cin karo da wanda matarsa ta ɓace a baƙon gari ya shiga kallon kifi ba. Ba ki yi zuzutawa ba, abin girgiza ne. Sannu, kuma ki nuna wa 'yarki mai jinya ƙafafun nan, kada ki bar su a kan zaman keke kawai.

Bari in fara da mai sauƙin. Katin ba yaudara ba ne, yana da mutanensa. Yana amfanar mai ƙarfin ƙafa wanda dama can ya ƙudura shiga manyan wurare masu tsada da yawa, kuma wuraren suna kusa da juna. Hanyar ganewa ita ce mutum ya fara rubuta inda ransa ke so tun bai ga takardar katin ba, ya duba kuɗin shigarsu ɗaya-ɗaya, sannan ya gwada da na katin. Ya kuma bincika ko sai an kama lokaci, wace rana ake rufewa, da yadda ake ƙirga kwanakin. In wuraren ba su wuce biyu ko uku ba, yawanci tikitin kowanne a ƙofarsa ya fi. Illar katin ita ce an riga an biya, don haka duk zaman da mutum ya yi sai ya ji kamar asara yake tafkawa, har inuwar kyauta ta zama abin gudu. Ga mutum biyu da aka tura su huta, ɗaya da kumburin ƙafa, amsata a'a ce. Kada a sake saya.

Amma kati bai isa ya ƙirƙiro hali ba, abin da ya tarar yake hurawa. Maigidanki an karɓe masa makaranta, an karɓe masa jadawali, yara sun watse, sai ga takarda mai gidaje da lokuta. Dole idonsa ya kawo haske. Ina kuma zargin yana so ya dawo ya nuna wa 'ya'yansa cewa ko ƙwandala tasu ba ta tafi a banza ba. Ki lura da wani abu a labarinki: lokacin da kika hango shi daga sama, da ke yake magana. Shirun falon nan shi ma yana cin sa, sai dai hira ɗaya ya iya, ta malami da ɗalibi.

Wannan duk uzuri ne na sauka ba waiwaye. Shigar da ya yi kuwa ba ta da uzuri. Ya san ba ki da waya, ba ki da kuɗi, ya san ƙafarki, ya auna tsoronki da lokacin da aka kama masa, ya zaɓi lokacin. Ko da lissafinsa ya yi daidai, wurinsa bakin tasha ne, a tsaye, har ki zagayo. Mai da abin raha a gaban maƙwabta kuma ƙari ne a kan laifi, ko da yake ina jin kunya ce yake rufewa da dariya.

Yanzu ke. Ki yi haƙuri, ba zan shafa miki mai ba. Kin ga jadawali a firji kin yi dariya. An hana ki tasi kin ja jaka. An ɗaga ki daga gaban rigar da ta taɓa zuciyarki kin tashi. An shiga kallon kifi an bar ki, kin bi shi jirgin ruwa ba ki ce uffan ba. Zaman bakin kogin da kika hango tun daga gida, ni kika gaya wa, shi bai taɓa ji ba. Mutumin da ya saba in aji ya yi shiru an gane darasi, shirunki yarda yake ɗaukarsa. A yau da nake rubutun nan ya yi imani kin ji daɗin tafiyar, shi ya sa ya sake share tebur.

Sunkuyar da kan da kika yi bai sa kin zama muguwa ba, kuma ba shi ke nuna aure ya ƙare ba. Mace ce da ta shekara talatin tana kora na gaba, ta ɗanɗana zama ba mai jiran ta ba wanda take jira, ta so a ƙara mata. Amma kada ki raina shi. Irin wannan in aka binne shi girma yake yi, wata rana a falonki za ki tarar kina sunkuyar da kai.

Ga shawarata. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ba yara, ba waya, ki kashe rediyon. Kada ki tsaya kan takalmi da kwalabe, zai ba ki amsa da lissafi ya ci ki. Ki ce masa shigar da ya yi ta yi miki ciwo, kina so ya ba ki haƙuri, kuma ya daina ba da labarin a waje. Tafiya ta gaba ki ce za ki je, da sharaɗi: ba kati, wayarki da kuɗinki da sunan masauki suna jikinki, wuri ɗaya a yini, yau zaɓinki gobe nasa. In yana son rula da jan biro a bar masa, ya tsara jirgi da masauki, ya iya wannan. Kafin nan ku gwada a garinku, ku fita da yamma ku zauna wani wuri ba da wani dalili ba. Ba zan yi miki alkawarin hira za ta zo a ranar farko ba. Mai yiwuwa ku yi ta kallon titi, ku dawo. Ku sake fita.

Sannan abu mafi wuya, wanda na san za ki so ki tsallake: ki gaya masa kin gan shi a tasha kin ɓuya. Zai ji zafi, wataƙila ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Ki bar shi ya ji. Duk sauran maganar zai iya ɗaukarta ƙorafin gajiya, wannan kuwa ba zai iya ba. Bawan Allah nan yana yawo yana cewa ba a yi asarar komai ba a tafiyar, bai san saura ƙiris matarsa ta zaɓi bas a kansa ba. Haƙƙinsa ne ya sani tun kina son ki sauko.

Allah ya ba ki ƙarfin faɗa, ya ba shi kunnen ji, ya sanyaya muku gidanku.

Antinku